Nijar ta fita daga ECOWAS: ina abin ya shafi mutumin Kano?

Tun ranar 29 ga Janairun 2025 da ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ECOWAS ta tabbata, tambaya ɗaya ke yawo a bakin mutanenmu, daga rumfunan Kantin Kwari har layin 'yan wake a Dawanau: shin yanzu sai da biza za a shiga Maraɗi? Wasu kuma tasu tambayar ta fi zafi: wai me ECOWAS ɗin ta taɓa tsinana mana ban da barazanar yaƙi da 'yan'uwanmu?

Na ji an tayar da zancen a teburin wani mai shayi a Fagge, dattijo ne mutumin Tawa da ya daɗe a Kano har bakinsa ya soma juyewa. Wani saurayi mai ɗaurin kaya a Kwari ya tsokane shi, ya ce, "Baba, tunda kun fita daga ƙungiya ai sai ku fara haɗa komatsanku." Dattijon ko ɗagowa bai yi ba, yana sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi ya ce, "Yaro, lokacin da kakana yake kawo kanwa Kurmi a kan raƙumi, wace ƙungiya ce ta ba shi izini?" Aka tuntsire da dariya, aka ba shi gaskiya. Ni ma na yi dariyar, amma rabin gaskiyar kawai na ba shi. Zumuncin Kano da Damagaram ya girmi ECOWAS nesa ba kusa ba, wannan haka yake. Sai dai a zamanin kakan nasa babu mai kaki a Kongolam da zai ce masa kawo takardarka.

Wa ya haifi ƙungiyar, kuma don me?

Cikakken sunanta Ƙungiyar Raya Tattalin Arzikin Ƙasashen Afirka ta Yamma. Mu da Ingila ta raina muna cewa ECOWAS, waɗanda Faransa ta raina suna cewa CEDEAO, duk abu ɗaya ne. A Legas aka sa hannu kan yarjejeniyar kafa ta ranar 28 ga Mayun 1975, da ƙasashe 15. Mutum biyu ne suka yi ta safa da marwa har abin ya kankama: Janar Yakubu Gowon da Janar Gnassingbe Eyadema na Togo. Dukansu sojoji ne da juyin mulki ya ɗora. Mai mulkin Nijar a lokacin, Seyni Kountche, shi ma shekara ɗaya kenan da ya kifar da Diori Hamani. Shi kansa Gowon wata biyu bayan sa hannun aka hamɓare shi yana taro a Kampala. Na kawo wannan ne don a gane cewa ba don gadin dimokuraɗiyya aka kafa ƙungiyar ba. Don kasuwa aka kafa ta. Maganar zaɓe da juyin mulki daga baya aka ɗora mata.

Najeriya tana da nata dalilin. A yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ta ga Ivory Coast ta amince da Biyafara, ta ga Faransa tana ba 'yan tawaye goyon baya, ta kuma ga amfanin maƙwabci na gari, domin Diori Hamani ya tsaya tare da gwamnatin tarayya. Da yaƙi ya ƙare, kuɗin mai suka shigo, sai ta ga gara ta jawo maƙwabtanta jiki, maimakon ta zauna a tsakiyar ƙasashen da kowaccensu ke kallon Paris.

Daga baya tsibirin Cape Verde ya shigo suka zama 16, Muritaniya ta fita a 2000 suka koma 15, yanzu kuma saura 12. Ga wani kuskure da nake yawan ji a Kano: Chadi da Kamaru ba su taɓa zama cikin ECOWAS ba, ƙungiyarsu ta Afirka ta Tsakiya daban take. Ko sefarsu ba ɗaya ba ce da ta Nijar, ɗan canji a Wapa zai bambanta maka su ido rufe.

Hedikwatar ƙungiyar tana Abuja, can majalisarta take, can kotunta take, bankinta kuma yana Lome. Amma wuƙa da nama suna hannun taron shugabannin ƙasa. ECOWAS ba ta da kwastam nata, ba ta da ɗan sanda ko ɗaya. Jami'in da ke tsaye a Jibiya na Najeriya ne, na Ɗan Isa kuma na Nijar ne. Ƙungiya ta rubuta, ƙasa ce ke aiwatarwa in ta ga dama. Kuɗin tafiyar da ita kuwa daga wani ɗan haraji suke fitowa, rabin kashi ɗaya cikin 100 na kimar kayan da aka shigo da su daga wajen yankin. Wato duk bandir ɗin shadda ko atamfar da ta sauka daga Sin ta biyo ta tashar ruwan Legas, akwai kuɗin ECOWAS a cikin farashinta, kuma mai sayen kayan lefe a Kwari ne ke biya bai sani ba.

Abin da ke rubuce a takarda

Babban abin da talaka ya samu shi ne yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979. Ta ce ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar zai shiga kowace ƙasa ba biza, ya zauna har kwana 90, muddin yana da takardar tafiya sahihiya da katin allurar rigakafi. Daga baya aka ƙara 'yancin zama da neman aiki, sannan 'yancin kafa sana'a. Shi ya sa in ka duba bangon koren fasfonka za ka ga sunan ECOWAS a sama. Wannan yarjejeniyar ce ta mayar da zaman mai shayin Fagge, da mai gadi a Nasarawa, da ɗan ga-ruwa a Kurna, zama na halal a idon doka. Ita ce kuma ta rufa wa Bakanon da ke da shago a Yamai ko Kwatano ko Kumasi asiri.

Na biyu shi ne sassaucin fito. Amfanin gona da dabbobi da kayan sana'ar hannu da aka samar a cikin yankin, a ƙa'ida ba a biya musu kuɗin fito in za su tsallaka iyaka. Waken Nijar da albasar Galmi da aya da raguna su shigo, gero da masara da citta su fita. Kayan masana'anta ma suna iya samun wannan sassauci, amma sai kamfani ya yi rajista ya karɓi shaidar cewa a nan aka ƙera su. Nan ne bokiti da silifa da tabarmar roba na Sharaɗa da Bompai suke shigowa cikin lissafi. Kayan da suka zo daga wajen yankin kuma, tun 2015 aka tsara musu fito na bai-ɗaya mai hawa biyar, daga sifili zuwa kashi 35 cikin 100.

Akwai ƙananan abubuwa da direba da makiyayi suka fi mu sani: katin inshorar mota da ke aiki a duk ƙasashen, da takardar ƙetare iyaka da dabbobi da aka tsara a 1998. Akwai kuma kotu, wadda tun 2005 mutum ɗaya zai iya kai ƙarar gwamnatinsa gabanta kan take haƙƙi ba sai ya bi ta kotunan ƙasarsa ba. A 2008 wata mata 'yar Nijar, Hadijatou Mani, da aka sayar da ita tana yarinya, ta kai ƙarar ƙasarta kan gaza kare ta daga bauta, kuma ta yi nasara, aka ce a biya ta sefa miliyan 10. Sai dai ita ma kotun ba ta da sanda. A 2016 ta ce a saki Kanar Sambo Dasuki, bai fito ba sai ƙarshen 2019.

Kuɗin bai-ɗaya da aka raɗa wa suna Eco kuwa, an sa masa rana an ɗaga har an gaji, ta baya-bayan nan ita ce 2027. 'Yan canjin Wapa dai ban ga wanda ya fara neman wata sana'a ba.

Takarda daban, hanya daban

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya daga Kano zuwa Damagaram ta Daura ya san inda gizo ke saƙa. Tafiyar ba ta kai kilomita 300 ba, amma a tafiyata ta ƙarshe sai da na daina ƙirga shingaye. Direbanmu yana da damin ƙananan kuɗi a maƙale bayan abin tare rana, in ya hango shinge sai ya zaro ɗaya ya dunƙule, ya rage gudu, hannu ya fita ta taga ya dawo wayam, ko gaisuwa ba a gamawa. A wani shinge aka sauke wani tsoho mai ɗan buhun barkono, aka ce takardarsa ba ta cika ba. Yana ta cewa, "Yallaɓai, ɗiyata zan gano, haihuwa ta yi." Sai da muka yi masa karo-karo aka bar shi. Babu wanda ya ambaci yarjejeniyar 1979 a cikinmu, har da ni da na san da ita.

Kuma ba ƙananan ma'aikata kaɗai ke taka ta ba, gwamnatoci sun fi kowa. A farkon 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi marasa takarda, mutane wajen miliyan biyu, kusan rabinsu 'yan Ghana, shekara huɗu kacal bayan an sa hannu kan 'yancin zirga-zirga. Ita ma Ghana ta yi irin haka a 1969 zamanin Firayim Minista Busia, kafin a kafa ƙungiyar, kuma korar ta shafi Hausawa da Yarabawa da yawa. A shekarun nan ma an sha rufe wa 'yan Najeriya shaguna a Accra da Kumasi da hujjar cewa ƙaramin ciniki na 'yan ƙasa ne.

Wanda Kano ba za ta manta ba shi ne na Agustan 2019, lokacin da gwamnatin Muhammadu Buhari ta garƙame iyakokin tudu don hana fasa-ƙwaurin shinkafa. Sai Disambar 2020 aka fara buɗe huɗu, ciki har da Maigatari da Illela. Jibiya kuwa sai 2022. Har man fetur aka hana kai wa gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Ƙasar da hedikwatar ECOWAS take a cikinta ce ta yi haka, kuma babu wanda ya iya tanka mata. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Maƙwabta sun riƙe wannan a zuci.

Shi ya sa cinikin da ƙasashen yankin ke yi a tsakaninsu, wanda ke shiga littafin gwamnati, bai wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na cinikinsu ba. Wanda ke bi ta ɓarauniyar hanya a kan babur da jaki da amalanken shanu kuwa, Allah kaɗai ya san yawansa.

Yadda ƙungiyar kasuwa ta ɗauki bindiga

A 1990 yaƙin Laberiya ya yi ƙamari, sai ƙungiyar ta haɗa rundunar ECOMOG, wadda Najeriya ta ɗauki mafi yawan nauyinta na sojoji da kuɗi, zamanin Janar Babangida. A 1998 rundunar ta mayar da zaɓaɓɓen shugaban Saliyo, Ahmad Tejan Kabbah, kan kujerarsa. Wanda ya tura sojojin kuwa Janar Sani Abacha ne, ɗan Kano, yana mulkin soja a gida yana dawo da farar hula a waje.

A 2001 aka rubuta ƙa'idar dimokuraɗiyya da mulki na gari a Dakar, wadda ta ce ba za a lamunci hawa mulki ta hanyar da ta saɓa wa tsarin mulki ba. Ta yi aiki a wasu wurare. Da Mamadou Tandja ya yi tazarce a 2009, an dakatar da Nijar. Da Yahya Jammeh ya faɗi zaɓen Gambiya ya ce bai yarda ba, sojojin yankin sun tunkari Banjul a Janairun 2017, ya tattara ya tafi ba a gwabza ba.

Inda ƙungiyar ta zubar da girmanta shi ne wajen masu juyin mulki da babbar riga. A 2015 aka kawo shawarar a kayyade wa kowane shugaba wa'adi biyu, Togo da Gambiya suka ƙi, aka janye. A 2020 Alpha Conde na Gini ya sauya tsarin mulki ya yi wa'adi na uku, Alassane Ouattara na Ivory Coast shi ma ya zarce, ba a ga takunkumi ba. Togo kuwa gida ɗaya ke mulki tun 1967. To, da sojoji suka fara kifar da gwamnatoci, Mali a 2020 da 2021, Gini a 2021, Burkina Faso sau biyu a 2022, sai matasan ƙasashen suka ce wa ECOWAS: ina kike lokacin da ake tazarce?

Agustan 2023 a idon Kano

Ranar 26 ga Yulin 2023 dogaran fadar shugaban Nijar suka tsare Mohamed Bazoum, Janar Abdourahamane Tchiani ya karɓi mulki. Bola Tinubu bai cika wata guda da zama shugaban ECOWAS ba. Ranar 30 ga wata aka yi taro a Abuja, aka ba sojojin mako guda su mayar da Bazoum ko a yi amfani da ƙarfi, aka rufe iyakoki, aka tsayar da jirage, aka daskarar da kuɗaɗen Nijar. Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take tura musu, wadda ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da suke sha.

Daga Legas wataƙila abin ya yi kama da siyasar ƙasashen waje. Daga Kano kuwa maganar gida ce. Jihohi bakwai ne ke da iyaka da Nijar: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno, iyaka mai tsawon kilomita kusan 1,500 da Turawa suka shata a kan tebur ta ratsa tsakiyar dangi. Sarkin Maraɗi har gobe Sarkin Katsina ake kiransa. A Dawanau manyan motoci suka yi cirko-cirko da lodin da babu inda za a kai shi, a bakin iyaka kuma albasa ta ruɓe a cikin buhu. 'Yan dako da 'yan kamasho da masu sayar musu da abinci, waɗanda ba su taɓa sanin sunan Bazoum ba sai a rediyo, su ne suka fara kwana da yunwa.

Aka yi zanga-zangar ƙin yaƙi a Kano. Majalisar Dattawa ta ce a bi ta sulhu, sanatocin Arewa suka fito ɓaro-ɓaro suka ƙi. Wakilan ƙungiyar, Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, zuwansu na farko ba su samu ganin Tchiani ba. Wanda ya fara samun ganinsa daga Najeriya shi ne Muhammadu Sanusi II, tare da Sarkin Damagaram, sai kuma tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau. Ƙofar da wa'adin mako guda ya kasa buɗewa, rawani da zumunci suka buɗe ta.

Yaƙi dai bai yiwu ba. A Satumban 2023 ƙasashen uku suka kafa Ƙawancen Ƙasashen Sahel, wato AES. Ranar 28 ga Janairun 2024 suka sanar da ficewa. ECOWAS ta ɗage takunkumin a Fabrairu, Najeriya ta buɗe iyaka a Maris, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Yarjejeniyar ƙungiyar ta ce mai son fita ya ba da sanarwar shekara guda, shekarar ta cika.

Kowa da hujjarsa

Sojojin sun ce ƙungiyar ta kauce daga aƙidar waɗanda suka kafa ta, ta zama karen farautar ƙasashen waje, ba ta taimake su ba a shekarun da 'yan ta'adda ke kashe musu mutane, amma da suka tashi ɗaukar makomarsu a hannunsu sai ta ƙaƙaba musu takunkumi na rashin imani. Maganar takunkumin tana da ƙamshin gaskiya. Ƙasar da ba ta da teku aka toshe wa hanyar abinci da magani, kuma wanda ya ji jiki ba janar ba ne.

ECOWAS kuma tana cewa ba ta ƙirƙiro doka don Nijar ba, Nijar da hannunta ta sa hannu a ƙa'idar 2001. Bazoum zaɓaɓɓe ne, hawansa a 2021 shi ne karon farko da farar hula ya miƙa wa farar hula mulki ta zaɓe a tarihin ƙasar. In aka kyale wannan, gobe na wa ne? Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Abin da ya biyo baya ma bai ƙaryata ta ba: a dukkan ƙasashen uku an ba shugabannin soja ƙarin shekara biyar ba tare da zaɓe ba, a Nijar da Mali an rushe jam'iyyun siyasa.

Ni a ganina ƙungiyar ta yi gaskiya a ƙa'ida, ta yi ganganci a aiki. Ta ɗaga sandan da ba za ta iya saukewa ba, ta kuma hukunta talakan da take iƙirarin karewa, har ta mayar da masu juyin mulki gwaraza a Yamai da ma wasu unguwannin Kano. Amma kuskurenta bai wanke sojojin ba. Muna da son mu ɗauki ɓangare kamar ana kallon ƙwallo, alhali mai albasa bai ci ribar ko ɗaya daga cikinsu ba.

To, yanzu me ya canza?

A yau dai ba a neman biza. A ranar da ficewar ta tabbata, ECOWAS ta umarci ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida masu tambarinta na 'yan ƙasashen uku, su bar su su shiga su zauna, kayansu kuma su ci gaba da cin sassaucin fito, har sai an ji sanarwa ta gaba. Su ma ƙasashen AES tun a Disambar 2024 suka ce 'yan ECOWAS za su shiga ƙasashensu ba biza, amma sun riƙe ikon mayar da wanda ba su so. Sun fito da fasfonsu na kansu, sun kuma sa nasu harajin na rabin kashi ɗaya cikin 100 kan kayan da ake shigo da su, don tafiyar da ƙawancen.

A kula da wannan jimla: har sai an ji sanarwa ta gaba. A da, shigar Bakano Maraɗi haƙƙi ne da ke rubuce a yarjejeniyar da ta ɗaure gwamnatocin biyu. Yanzu alfarma ce, kuma mai alfarma yana iya janye abinsa ranar da ransa ya ɓaci. A baya in an zalunce ka akwai takardar da za ka nuna, ko da ba ta cika aiki ba, akwai kuma kotun da za ka je. Ɗan Nijar yanzu ya rasa wannan kotun.

Ga kuma abin da ban cika jin ana faɗa ba. Ƙasashen uku ba su fita daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da sefa ba, wato UEMOA, mai ƙasashe takwas, wadda ita ma tana da nata tsarin zirga-zirga da ciniki ba fito. Saboda haka tsakanin Nijar da Senegal, ko Mali da Ivory Coast, in rumfa ɗaya ta faɗi akwai ta biyu. Najeriya ba ta cikin wannan ƙungiya. Iyakarmu da Nijar, mai cike da jama'a da ciniki, tana cikin waɗanda ba su da rumfa ta biyu, in ban da Hukumar Haɗin Gwiwar Najeriya da Nijar da aka kafa a 1971 mai ofis a Yamai, da ɗan abin da ƙasashen biyu suka ƙulla a tsakaninsu. Wato a duk yankin, 'yan kasuwar Kano da Katsina da Sakkwato na cikin waɗanda suka fi zama a rana.

Wa zai ji a jikinsa?

An riga an fara gani. A Oktoban 2024 Nijar ta hana fitar da hatsi irin su gero da dawa da masara zuwa ko'ina sai Mali da Burkina Faso. A Mayun 2025, ana gab da babbar sallah, ta hana fitar da dabbobi don farashin rago ya sauka a gida. Duk wanda ya san yawan ragunan layyar da ke shigowa ta kasuwar Maigatari ya san wa wannan ya taɓa. Ba cewa nake ba a taɓa irin haka ana cikin ƙungiya ba, mu ma mun yi. Bambancin shi ne a da akwai teburin da za a kai ƙorafi.

Babban ɗan kasuwa mai tirela goma zai nemi hanya, yana da wakili a kowace iyaka. Wanda abin zai daka shi ne mai buhu biyar, da matar da ke sarin atamfa turmi ashirin a Kwari ta kai Tasawa, da ɗan ci-ranin da bai taɓa mallakar fasfo ba. Duk lokacin da doka ta zama ba a san inda ta dosa ba, na goro a shinge ne ke tashi, kuma a kan mudun wake ake fanshewa.

Tsaro ya fi ciniki ban tsoro. 'Yan bindigar da ke addabar Katsina da Zamfara da Sakkwato ba su san iyaka ba, suna shiga jihar Maraɗi su fito, haka Lakurawa a ɓangaren Sakkwato da Kebbi. A Disambar 2024 Tchiani ya yi hira da Hausa ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa don hargitsa ƙasarsa, Nuhu Ribadu ya mayar masa da martani shi ma da Hausa. A Maris na 2025 Nijar ta ce ta janye daga rundunar haɗin gwiwar da ke yaƙi da Boko Haram a yankin Tafkin Chadi. Sojojin da ba sa ɗaukar wayar juna ba za su kama ɓarawon shanun da ke tsallake musu a kan babur ba.

Duk da haka igiyar ba ta tsinke ba. Da aka yi ƙarancin mai a Nijar a farkon 2025, daga Najeriya aka tura tankoki. A Afrilun shekarar ministan harkokin wajen Najeriya na lokacin, Yusuf Tuggar, ya je Yamai ya zauna da takwaransa Bakary Yaou Sangare, suka yi maganar farfaɗo da hukumar haɗin gwiwar. ECOWAS da AES ma sun fara zama don tsara yadda za su yi hulɗa nan gaba. Wannan zaman, ba jawaban da ake yaɗawa a TikTok ba, shi ne ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwar Dawanau da Kwari da Singa su sa wa ido, su kuma matsa wa wakilansu a Abuja a rubuta maganar zirga-zirga da fito a takarda mai sa hannu.

Akwai dalili na kusa. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 aka ba kamfanin Mota-Engil, zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Lokacin da aka zana shi, ƙasashen biyu suna ƙungiya ɗaya, fitonsu ɗaya, fasfonsu iri ɗaya. Takardar da za a tambayi fasinja da buhunsa ranar da jirgin ya isa Jibiya, har yanzu ana kan tattauna ta.